Ruwan Gilashin Motar Yaya

Har gobe idan mutum ya kawo mini mota ya kunna waifa a kan busasshen gilashi, na ji ƙarar nan ƙiii-ƙiii, sai na daka masa tsawa ya kashe. Masu motoci sun ɗauka faɗan tsufa ne, wasu har tsokanata suke yi wai ina tausayin robar waifa fiye da mai ita. Ban taɓa gyara musu zancen ba. Ni na san abin da nake ji a cikin wannan ƙarar, kuma shekara talatin da ɗoriya ke nan ba ta canja mini ba.

Sana'ata gyaran wayarin mota, abin da mutane suke kira rewaya. A ƙarshen shekarun tamanin ina da rumfa a bakin tashar Karaye, ina da mata da ɗa ɗaya, ina kuma da baki. Duk motar da fitilarta ta mutu ko ta ƙi tashi tsakanin Karaye da Rogo ni ake nema, shi ya sa kaina ya kumbura. Idan direba ya tsaya yana yi mini bayanin ciwon motarsa, kafin ya kai aya na katse shi, na ce ya matsa ya ba masu abu wuri.

Yayana malamin dabbobi ne, shekara takwas ya ba ni. Ya sayi wata tsohuwar jif koriya a gwanjo, fentinta ya koɗe, ƙofar bayanta da igiya ake ɗaure ta, cikinta kuwa ba ya rabuwa da warin maganin shanu. Da ita yake zaga rugagen Fulani na wajen Rogo da Falgore yana yi wa shanu allura, Fulatanci a bakinsa kamar a ruga aka yanke masa cibiya. Kullum da sassafe sai ya ɗaga bonet ya tokare shi da gora, ya duba mai, ya duba ruwa, sannan ya bar shi a buɗe wai inji ya sha iska, ya shiga gida shan koko. Bonet ɗin yana da wani kuka idan an ɗaga shi, duk gidan mun san shi. Da shi matan gidan suke gane gari ya waye sosai.

Gida ɗaya muke, kowa da sashensa, Inna mahaifiyarmu tana ɗakin tsakiya. Abu ɗaya ne yake haɗa ta faɗa da Yaya, wato rubutu. Tun muna ƙanana kowace Juma'a take karɓo mana rubutun sha a wurin wani tsohon malami na unguwarmu, ba ta fasa ba har muka yi gemu. Sai Yaya ya fara zama da masu cewa wannan bidi'a ce, ya daina sha. Ba da rashin kunya yake ƙi ba, durƙusawa yake yi ya ce, "Inna, ki yi mini addu'a da bakinki, wallahi ta fi mini." Ita kuma ta ce, "Ai shi ke nan, mun haifi malami, mun huta." Ni da ba na ƙin komai in dai sha ne, sai na riƙa shanye nawa da nasa. Bayan wani lokaci ta daina miƙo mini kason Yaya, ta kuma daina yi masa magana a kai. Muka ce tsohuwa ta gaji ta sallama.

Matar Yaya kuwa abokiyar wasana ce, kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanin mijinta. "Mai baƙin hannu" take kirana, ba ta miƙo mini kwanon tuwo sai ta ce na nuna mata tafukana tukuna. Ni kuma na ce miyarta ko a batir aka zuba sai ya mutu. Idan muka fara, har Inna sai ta ce mu rufa mata asiri mu yi shiru.

Wata ranar kasuwa a farkon damina, ana noman farko, rumfata cike da jama'a, sai ga Yaya ya faka jif ɗin a gefe. Ya jira na gama da wani, sannan ya ce, "Ruwan gilashin nan ya daina fitowa. Dama ya daɗe yana fitowa da ƙyar, jiya kuma ya ɗauke gaba ɗaya. Ka san hanyarmu da taɓo."

Na ce, "Wannan ma aiki ne?" Na leƙa ƙarƙashin sitiyari na zaro fiyus ɗin, na ga ya ƙone. Na duba gwangwanina babu irinsa, sai wani da ya fi shi ƙarfi. Na cusa shi, na ce Yaya ya danna maɓallin ruwa. Ɗan famfon da yake turo ruwan ya yi wani gurnani kamar mai ciwon maƙogwaro, ya tofo ruwa kaɗan, ruwan ma da ɗan duhu-duhu. Na ce, "Ka gani? Ka daina ɗura mata ruwan kududdufin shanunku."

Ya ce, "Ni ruwan rijiyar gida nake zuba mata. Ka tabbata ya gyaru?"

Na ce, "Haba Yaya, ni fa?"

Ya yi dariya ya ja motarsa. Ubangidana da ya koya mini aiki yana da magana ɗaya game da fiyus, kullum cewa yake ruwa ba ya tsami banza, idan ka ga ya ƙone ka nemo abin da ya ƙona shi kafin ka sa wani. Na san maganar kamar sunana. Amma ranar akwai mutum uku suna jirana, ga kuma wani direban bas yana ta yi mini kirari.

Kwana huɗu tsakani, ranar Litinin bayan la'asar, aka zo rumfa aka ce na taso. Kafin na isa an riga an rufe Yaya da zane a bakin hanya, tsakanin Rogo da Karaye. Jif ɗin ta daki kan kwalbati ta ɓangaren direba, sitiyari ya same shi a ƙirji. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba zan iya ba da labarin wannan yammacin ba, don ban san yadda na koma gida ba.

Ba shi kaɗai ba ne a motar. Akwai wani dattijon Bafulatani da ya rage wa hanya daga ruga, shi karaya ya samu a hannu. Ranar sadakar uku ya zo gaisuwa da ɗori a rataye a wuyansa, ya zauna a tabarma a ƙofar gida, jama'a maƙil. Aka tambaye shi yadda abin ya faru. Bawan Allah bai san ni ba, bai san wa yake zaune kusa da shi ba, ya faɗi abin da ya gani. Ya ce an ɗauke ruwa ke nan, hanya duk jan taɓo, sai wata babbar mota ta gifta su a guje ta watsa musu taɓo a gilashi. Malam, wato Yaya, ya kunna abin gogewa, sai ya ƙara dame gilashin, ba a ganin komai. Ya yi ta danna ɗan maɓallin ruwa, ya yi ta dannawa, ko ɗigo. Ya ce, "Sai na ji ya ce, ashe bai gyara ba. Daga nan ban ƙara jin maganarsa ba."

Ba wanda ya kalle ni, kuma wannan rashin kallon ya fi mini mari ciwo. Liman ya yi gyaran murya ya ce kwana ne ya ƙare, aka shafa fatiha. Kafin magariba maganar ta shiga cikin gida wurin mata.

Ba wanda ya taɓa tarata ya ce ni na kashe shi. Mutanenmu ba sa yin haka. Sai dai idan na doso majalisa a canja hira, idan direba ya nufo rumfata wani ya ja shi gefe ya yi masa raɗa. Duk wannan da sauƙi. Matar Yaya ta shiga takaba, kullum da safe na tsaya a bakin ƙofarta na gaishe ta, ta amsa da "lafiya" ɗaya daga bayan labule. Ba ta ƙara ce mini mai baƙin hannu ba. Wallahi na sha yin addu'ar ta fito ta zage ni tas, ko na samu sauƙi. 'Yarsu 'yar shekara biyar da take hawa wuyana, sai na ga da na miƙa hannu an kira ta ciki.

Jif ɗin da tarakta aka jawo ta, aka ajiye ta a gindin tsamiyar bayan gida, aka lulluɓe ta da tamfol. Ta nan hanyata ta zuwa rumfa take, amma na koma zagayawa ta gaban masallaci. Damina ta yi ta zuba a kanta. Maganar nan tasa ta ƙarshe kuwa ba ta bar ni ba. Ina cikin murɗa waya da tsakar rana sai na ji ta a kunnena da muryarsa, ba da faɗa ba, da irin muryar da yake yi idan na ba shi kunya muna yara. Ashe bai gyara ba.

Da kaka ta yi, ana cirar gyaɗa, aka ce saura mako guda matar Yaya ta fita takaba, 'yan'uwanta za su zo su tafi da ita Rogo da yarinyar. Nan na ga ba zan iya bari ta tafi ban san gaskiya ba. Idan hannuna ne kaɗai, na sani na durƙusa na nemi gafara da hujja. Idan kuma akwai wani abu daban, to ta ji kafin ta bar gidan, kada yarinyar nan ta tashi ana nuna mata ni ana cewa ga wanda ya yi sanadin ubanta.

Da hantsi, maza duk sun tafi gona, na ɗauro batir a bayan keke da jakar kayan aikina. Na yaye tamfol. Warin maganin shanu ya buso mini kamar jiya ya fita daga cikinta. Gilashin ya tsage ta gefe amma bai zube ba, jan taɓon nan ya bushe a kansa, ga shatar waifa biyu inda ta yi ta damawa. Na ɗaga bonet, ya yi kukan nan nasa. Gorar tana nan inda yake ajiye ta, na tokare.

Na cire mataccen batir na ɗora nawa. Ina ɗaura waya ta biyu sai waifa ta tashi da kanta. Ƙiii-ƙiii, ƙiii-ƙiii, tana kankarar busasshen taɓo, ba kowa a kujerar direba. Na yi baya na faɗi zaune a ƙasa ina salati. Na san dalili sarai, ai aikina ne: makullin yana nan a murɗe yadda ya bar shi, makunnin waifa ma a kunne, ba wanda ya taɓa su tun ranar. Amma duk da haka na zauna a ƙasa ina kallonta. Wata huɗu waifar nan tana jiran wuta ta ci gaba da abin da ya sa ta. Da ƙyar na miƙa hannu ta taga na kashe ta, ban yarda na kalli lanƙwasasshen sitiyarin ba.

Na zauna na huce, sannan na yi abin da ya kamata na yi tun ranar kasuwa, na bi layin tun daga tushe. Na zaro fiyus ɗin da na sa, ga shi garau, ko ɗumi bai taɓa yi ba. Na san ma'anar haka. Ƙaramin fiyus ƙonewa yake yi don ya ceci famfo, ni kuwa na sa wanda ya fi ƙarfin ya ƙone. Na soke maɓallin ruwa da tsinken ashana ya zauna a danne, na zagayo na ɗora ƙwan gwaji a kan wayoyin da suke shiga famfon. Ƙwan ya kama. Ke nan maɓalli lafiya, waya lafiya, wuta tana isowa. Na zare wayoyin, na ja wuta kai tsaye daga batir zuwa famfon. Shiru. Na kai hancina, na ji ƙaurin ƙonannen waya.

To famfo ya ƙone, kuma ni na ba shi wutar da ta ƙona shi. Sai dai tambayar ubangidana tana nan: me ya sa na farkon ya ƙone? Na zura allura a 'yan hancinan da suke fesa ruwa a kan bonet, ta fito da wani baƙin abu. Na zare tiyo na sa baki na hura har kumatuna suka yi zafi, iska ta ƙi wucewa. Sai na kwance robar ruwan gaba ɗaya. Tana ɗaya ɓangaren, hatsarin bai taɓa ta ba, murfinta a rufe, da sauran ruwa a ciki. Na tsiyaye na saman a hankali. A gindinta ga wani baƙin laka kwance, kaurinsa ya kai ɗan yatsa, ya toshe 'yar rariyar da ruwa yake bi ya shiga famfo. Na ɓare famfon da sukundireba, 'yar farfelar cikinsa ta manne ƙam kamar an zuba mata danƙo.

Na sha ganin laka a robar ruwa, na ga garin sabulu ya daskare, na ga gansakuka, na taɓa ciro mataccen ƙadangare ma. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Na lakato na murza, yana da yauƙi yana kama yatsa. Na sunsuna, ƙamshin ƙonannen itace. Sai na ɗan taɓa a harshe.

Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san wannan ɗanɗanon ko a cikin barci. Zuge ne da ƙaro. Tawadar allo ce, rubutu ne aka daɗe ana zubawa kaɗan-kaɗan, baƙin yana kwanciya a ƙasa, ƙaron yana kama duk abin da ya samu.

Ba zan yi ƙarya ba, abin da ya fara zuwa mini farin ciki ne. Wani sanyi ya ratsa ni, na ce a fili, "Ba ni kaɗai ba ne!" Ban ma tsaya tunanin wa ya zuba ba. Na rungumi robar na miƙe, niyyata na kai ta har bakin labulen matar Yaya na dire, na ce ta leƙo ta gani.

Ina juyowa sai ga Inna tsaye a bakin ƙofar baya, ta dafa bango. Ta rame ƙwarai a watannin nan, zanenta har ninki biyu take yi masa. Ta ce, "Kukan murfin nan na ji. Na ɗauka..." Ba ta ƙarasa ba. Idonta ya sauka a kan robar da take hannuna, ta daɗe tana kallonta, sannan ta lallaɓo ta zauna a kan saiwar tsamiya.

Ta ce, "Ka gani ko? To zauna, dama abin ya ishe ni ni kaɗai."

Na tsuguna a gabanta. Ta ce tun da Yaya ya ƙi shan rubutu hankalinta bai kwanta ba, mutum kullum yana kan hanya cikin daji. Wata rana ya buɗe murfin tana wucewa, ta tambaye shi wannan farar robar ta mece ce. Ya ce ruwan wanke gilashi ne, da shi mota take wanke idonta. Sai ta ce a ranta, to ai shi ke nan, idan shi ya ƙi sha, abin da yake kallon hanya ta cikinsa zai sha. Kowace Juma'a idan ya shiga shan koko, sai ta fito da 'yar kwalbarta a cikin mayafi, ta buɗe murfin ta juye kasonsa, ta yi bisimilla ta rufe. Kusan shekara biyu tana yi, ba wanda ya taɓa ganinta.

Ina jin haka na sunkuyar da kai, na ɗauka ta gane abin da ya faru, ina neman kalmar da zan rarrashe ta da ita. Sai ta fashe da kuka ta ce, "Juma'ar ƙarshen nan ce ban zuba ba. Na tafi suna ƙauyen Turawa tun da asuba, na ce idan na dawo na zuba, na dawo ya riga ya fita. Na ce to wata Juma'ar. Shekara biyu ba abin da ya same shi, sau ɗaya na yi sakaci, sau ɗaya tak! Da na zuba, da yaron nan yana nan."

Wayyo Allah. Ga robar a kan cinyata, ga baƙin abin a yatsuna, ga ɗacinsa a harshena. Kalma goma ta isa na wanke kaina a garin nan. Kalma goman nan kuma ita za ta gaya wa tsohuwar da ta haife shi cewa ba ranar da ta fasa ba ce ta cuce shi, duk sauran ranakun ne. Na san Inna. Ba za ta kai wata damina ba.

Ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Kai me ka gano? Me ya hana ruwan fitowa?"

Na ce, "Famfon ne ya ƙone, Inna. Ni na sa masa abin da ya fi ƙarfinsa, ban tsaya na duba ba. Ko kin zuba ko ba ki zuba ba, ruwan ba zai fito ba."

Ba ƙarya a ciki ko ɗaya, na auna kowace kalma kafin na faɗe ta. Ta dube ni ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ta miƙe da ƙyar ta koma ciki. Ni kuwa na ɗebo ruwa mai tsabta na ɗauraye robar a cikin ƙwarya, don ba abin zubarwa a ko'ina ba ne, ayoyi ne aka wanke. Na shanye abin da zan iya, sauran na haƙa rami a gindin tsamiya na zuba na rufe. An ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, ranar na san haka ne.

Ranar da matar Yaya za ta tafi, na durƙusa a tsakar gida a gaban 'yan'uwanta na ce ta yafe mini. Ta ce, "Allah ya yafe mana," idonta a kan ƙullin kayanta. Aka ɗauki yarinyar aka sa a mota. Ta auri wani a Rogo daga baya, mun haɗu a biki da makoki ba adadi, gaisuwa ce kawai, har ta koma ga Allah ba ta ƙara tsokanata ba. Yarinyar takan zo gaida Inna da salla, ta ce mini "Baffa ina wuni" daga nesa.

Jif ɗin ba wanda ya yarda ya saya, aka bar mini ita a rabon gado. Na kai ta aka miƙe mata jiki, na canja sitiyari da gilashi, na sa sabon famfo da fiyus daidai da shi. Juma'ar farko da na fito da ita, na ɗaga bonet, ina jin kukansa na ji takun Inna a bayana. Wannan karon ba ta ɓoye kwalbar ba. Ta ce, "Kai dai ba ka ƙi ba ko?"

Na ce, "Ni Inna? Zuba."

Na riga na shirya. Na samo wata robar na ɓoye ta a ƙarƙashin fuka-fukin taya, can na mayar da famfo da tiyo. Tsohuwar robar na bar ta a wurinta, na toshe gindinta, na bar mata guntun tiyo da ba ya zuwa ko'ina. Inna ta buɗe murfi ta juye, ta yi bisimilla, ta ce na danna ta gani. Na danna, ruwa ya feso fari tas ya wanke gilashi. Ta yi ajiyar zuciya ta ce alhamdu lillahi. Da na fita bayan gari na tsaya na kwance robar na shanye.

Shekara bakwai muna haka, ba ta ƙara fasa Juma'a ɗaya ba, ko zazzaɓi take yi sai an riƙo ta ta fito. Sau da yawa haushi yakan kama ni, ba zan ɓoye ba. Idan na ji an yi mini raɗa a tasha, ko yarinyar nan ta gaishe ni daga nesa, nakan dawo gida maganar tana bakina. Sai na tarar da Inna tana jan carbi a ƙofar ɗaki, ta ce sannu da zuwa, ka ci abinci kuwa? Sai na haɗiye.

A ciwonta na ajali, wata safiya ta sa aka fita aka bar mu mu biyu. Ta kama hannuna, baƙin hannun nan, ta riƙe. Ta ce, "Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Na riƙe ka a raina a kan yayanka. Na yi ta yaƙi da zuciyata, ina kallonka ina tunawa. Yau na yafe maka duniya da lahira, har ga Allah. Kai ma ka roƙa mini gafarar Juma'ar nan da na fasa."

Na ce, "Na gode, Inna. Zan roƙa."

Ta rasu ranar Laraba. Ranar Juma'a da safe na fita na ɗaga bonet na tokare shi da gora, na tsaya ina jira, har matata ta leƙo ta ce kokona yana hucewa.